Jiƙon Inna

Jidda.

Yaya Iyatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Baba? Ki gaishe min da Inna da mutanen Ƙofar Rini.

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Tuƙin ne dai na ɗan ajiye, don na kwana biyu a asibiti, amma kada ki tada hankalinki. Idanuna ne sunka yi rawaya. Na ɗauka shawara ce, sai na ƙara yawan jiƙon saiwar nan da Inna ta aiko min. Da anka gwada jinina, likita ya tambaye ni ko na daɗe ina shan giya. Yaya, ni Jelani! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na nuna masa saiwar, ya ce ita ce ta wahalar da hantata. Na daina sha, sauƙi yana samuwa, jiya har tuwo na ci.

Roƙona ɗaya ne. Na san Baba yana shan jiƙon nan kullum bayan asuba. Ki kai shi a duba hantarsa, ki kuma ɗauke tulun da dabara. Amma don Allah kada Inna ta ji dalili. Da hannunta ta wanke saiwar, ta ƙulle ta, ta tofa mata addu'a. In ta tambaya, ki ce saƙo ya iso, kuma na gode.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Jelani