Ranar da Muka Ajiye Guduma

Zuwa ga 'yata Qiuyan,

Bayan gaisuwa, ya jikin Kaka? Tana shan maganinta, ko tana ɓoye shi a ƙarƙashin matashi kamar yadda ta saba? Yajin da kuka aiko ya iso. Abincin nan birnin Wuhan sai da shi.

Ni lafiya lau. Gadon bayan nan yakan ɗan yi magana in na hau bene da siminti, amma ba abin da za ki gaya wa Kaka ba ne.

Jiya aka yi jarrabawar sauraron Turanci a makarantar da ke jikin ginin da muke yi. Aka ce mu kashe injuna, masu mota ma aka hana su hon. Muka zauna a kan bulo, unguwa ta yi tsit, sai muryar wata mata daga lasifika.

Tsoho Pang, abokin aikina, ya raɗa mini, "Kai mai 'yar boko, me take cewa?"

Na ce, "Cewa ta yi ka rufe baki."

Ya toshe dariyarsa da hula. Ko tari ya ƙi yi har aka gama.

Kin rubuto cewa Turawan cikin rediyo sun fi kunnenki sauri, za ki haƙura. Kada ki haƙura. Ki riƙa saurara kowace safiya, ko rabi kika kama.

Baɗi ke ma za ki zauna wannan jarrabawar. Na yi wa 'ya'yan mutane shiru, uban wani ma zai ajiye gudumarsa dominki.

Babanki,
Luo Dehai