Mangwaron da Ka Hana Mu Sha

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, Baba, yau faɗa na zo yi da kai, tunda da ranka ban iya ɗaga ido na kalle ka ba.

Gonar mangwaronka ta Abaji ta haihu. Rassa har ƙasa, sai da muka tokare su da itace. Jiya motar 'yan kasuwar Zuba ta cika ta tafi.

Ka tuna ranin da ka dasa bishiyoyin? Inna ce ke ɗauko ruwa a ka daga rafi, mu muna korar awaki. Kullum maganarka ɗaya: "Ku yi haƙuri, ranar da suka haihu za a yi wa ɗakin uwarku rufin kwano." Muka yi haƙurin. Shekarar da suka fara fure, Inna har guɗa ta yi.

Sai me? Ka je Kuje ka gano wani iri mai ƙaramin ƙwallo, ka dawo da rassansa a jiƙaƙƙen buhu, ka sare kawunan bishiyoyin kaf, ka aura musu sabon irin. Haba Baba! Da 'ya'yansu a jiki, ɗanyu shar, suna zuba ƙasa! Inna ta tsaya tana kallo. Damina ta sauka, muka ci gaba da jera bokitai a ƙarƙashin yoyo. Da sabon irin ya kama haihuwa, ka sake gano wani.

Abin da ya fi ƙona mini rai, fuskarka. Ban taɓa ganinka cikin nishaɗi kamar lokacin da kake naɗe sabon reshe da leda kana 'yar waƙarka ba. Bishiya na fara nuna kuwa sai ka yi sukuku, kamar wanda aka sallama daga aiki. Kai jiran kake so, ba mangwaron ba. To mu fa? Wa ya tambayi Inna ko tana son jira?

Jiya da motar ta tashi, na tsaya a gonar ina sauraron daɗi ya zo. Shiru. Kawai sai na ji hannuna a aljihu yana shafa wuƙarka ta auren bishiya, idona a kan wata bishiya, ina auna inda zan yanka. Na fahimce ka, Baba, kuma wannan ma haushi yake ba ni.

Na kai wa Inna wuƙar, ta kulle a akwatinta. Kafinta zai hau ɗakinta ranar Asabar. Da yamma na zaɓo mata mangwaron da ya fi nuna. Ta sha rabi, ta ajiye rabin a gefen tabarmar da kake zama.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya ba ka inuwar da ba sai ka jira ta girma ba.

Ɗanka mai fushi da kai, mai kewarka,
Sani