Da Saura, Amma An Kusa

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da na samu bayan rana ta gama gasa ni, Rahinatu 'yar mutanen Dagumawa, mai murmushin da ke mantar da dattijo ciwon gwiwarsa. Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ga gaisuwa mai nauyin da ko kwalekwalen masu yashi ba zai iya haye kogin Wudil da ita ba. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da yara da jikoki.

Ni dai ban tashi daidai ba, farin ciki ya rufe ni kamar zazzaɓi. Tun safe nake dariya ni kaɗai a shago. Wata mata ta zo sayen littafin rubutu, na miƙa mata kwalin alli. Bilya mai shayi, maƙwabcina, har ya leƙo yana tambaya ko a kira mini likita. Na ce ya rabu da ni, ciwon da nake so ne.

Kin tuna teburina na bakin kasuwa, ya ke abar ƙaunata, lokacin da nake ba da hayar littattafan soyayya? Ina ɗinke su da zare, ina yi musu riga da takardar siminti don kada hannun 'yan mata ya cinye su. Ke kuwa ki zo da naki a ɓoye cikin gyale, ki dire shi a gabana kina faɗa da marubucin, wai don me zai bar yarinya ta yi ta jira alhali saurayin yana da baki. Ni da nake tsaye a gabanki da nawa bakin a ɗinke, sai in ce ai kuwa bai kyauta ba. Kafin in kwance zaren, marigayi Alhaji ya riga ni aurenki, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ni ma na yi nawa zaman da uwar 'ya'yana har Allah ya karɓi abarsa. Shekara talatin da ɗoriya suka wuce ta kanmu.

Da na zo miki bara da maganar da ta tsufa a cikina, ba ki kore ni ba. Kika ce zuciyarki ta amsa, amma babban ɗanki Ikrima ya kafe, wai me mutane za su ce in uwa mai jikoki ta sake shiga lalle. Kika kuma ce ba za ki yi auren da zai sa ɗanki ya riƙa sunkuyar da kai a gari ba. Na koma gida da wannan dutsen a ƙirji. Wa zan kai ƙara? Ina zan samo waɗannan mutanen in tara su in tambaye su abin da za su ce?

Ashe yaran ƙungiyar makaranta littattafai ne za su tara mini su. Da suka zo neman aron tsofaffin littattafaina, wai za su yi Ranar Tuna Baya, kowa ya yi shigar zamanin da aka rubuta su, dariya na yi. Jiya da la'asar kuwa na ga abin da ya fi dariya. Filin makarantar nan ya cika maƙil. Samari sun sha wanduna masu faɗin ƙafa suna share ƙasa, waya na leƙowa daga aljihu. Wani ya rungumo rikoda mai kaset a kafaɗa, bai ma san inda ake danna ta ba. Wani ya ce sai ya shigo a kan basfa kamar jaruman littafi, aka turo shi tun daga gada yana gumi. Ni kuwa akwatina na ƙarfe kawai na buɗe, na ciro shuɗiyar safarina da hulata. Suka kewaye ni suna tambayar wane tela ne ya kwaikwayo ta haka. Na ce telan ya rasu tun iyayenku ba su yi aure ba.

Can na hango ki a kujerar baya cikin hijabi, kin rako autarki Afra, kin haɗe rai kamar an aiko ki karɓar gaisuwar mutuwa. Amma na san ki. Ina kallon hannuwanki suna motsi a cinya duk sanda ɗankwalin wata yarinya ya zame, don a hoton waya suka koyi ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, kowacce ta ɗora abu a ka kamar gammo. Ba ki jure ba. Kika miƙe, kika jera su, kina ɗaurawa kina mita. Su kuma suka janye ki cikin aji, ashe Afra ta sato leshinki na ƙasan akwati a jakarta.

Sannan kika fito. Wayyo Rahinatu! Da wane harshe zan faɗa? Kin taɓa ganin fadama da sassafe bayan ruwan farko, komai ya wanku yana sheƙi? Haka filin nan ya koma a idona. Leshi ruwan ƙwai, ɗauri ya zauna daram, kwalli ya ƙara wa idanun nan kaifi, tafiyar nan taki ta mai ba da umarni ba ta rage komai ba. 'Yan matan sun yi shigar wani zamani, ke kuwa zamanin ne da kansa ya fito daga aji yana taku.

Kika zo wucewa, kika dube ni sama da ƙasa, maimakon gaisuwa sai kika ce, “Malam, ba haka kake karya hular nan ba a da. Mayar da ita hagu, ka tsaya sai ka ce wanda aka aro.” Na mayar ba musu. To, wace mace ce ke yi wa namiji wannan faɗan a bainar jama'a, shi kuma ya bi jiki na rawa, in ba matarsa ba? Malama Sharifa, alƙaliyar gasar shigar da suka shirya, baƙuwa ce a garin nan, ba ta san ni ba, ba ta san ki ba. Tana gefe tana kallonmu tana murmushi.

Da aka zo rabon kyaututtuka, sai kawai na ji ta a lasifika tana cewa kyautar ma'auratan da suka fi dacewa da zamanin ta Baba mai safari ce da Hajiyarsa mai gyara masa hula. Filin ya yi tsit, don duk ɗan Wudil ya san ba haka ba ne. Na dubi Ikrima, yana tsaye jikin motarsa, ya harɗe hannuwa. Na ce a raina shi ke nan, Ya'u, yau an rufe maka ƙofar da sakata. Ina jiran ki ja mayafi ki fice.

Sai kika taso. Kika ratsa jama'a ba gaggawa, kika tsaya kusa da ni, kika karɓi abin maganar, muryarki ko rawa ba ta yi, kika ce, “Malama, da saura, amma an kusa.”

Guɗar da ta tashi na tabbata masunta sun ji ta a tsakiyar kogi. Tsofaffin ƙawayenki suka yo kanki, samari suka yi ta tafi, mai basfa ya danna hon ɗin da shi kaɗai ke aiki a jikinta. Dattawan da ke layin gaba suka ɗaga hannu suna Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a yi da mu. Ga mutanen nan dai da ake tsoro, sun taru, sun faɗi abin da za su faɗa.

Abin da ba ki gani ba shi nake so ki sani, don kin tafi da mata. Ina haɗa littattafaina a kwali sai ga Ikrima. Ya karɓe kwalin daga hannuna ya kai mota, ya dawo ya durƙusa, idonsa a ƙasa, ya ce, “Baba, na daɗe ban ga Umma tana dariya irin ta yau ba. Kawu yana gida a Dagumawa ranar Asabar, a turo manya.” Ya miƙe zai tafi, ya juyo ya ce, “Hular dai a bar ta a hagu.” Na yi kuka, Rahinatu, ban ɓoye ba, da safarina da komai.

Yanzu saurari alkawarina, ya ke sarauniyar zuciyata. Ba ni da ƙuruciyar da zan ba ki, ta tafi inda taki ta tafi. Amma ina da kunnen sauraron mitarki safe da yamma, da kafaɗar da jikokinki za su hau, da akwatin littattafan da za mu sake karantawa a tsakar gida kina faɗa da marubutan. 'Ya'yanki nawa ne, ba zan nemi kujerar mahaifinsu ba, tawa zan kawo in ajiye a gefe. Duk littafin da na taɓa ba ki, haya na ba ki, da ranar dawowa. Zuciyar nan kuwa kyauta ce, kada ki kuskura ki dawo da ita.

Fulas ɗin shayin da suka ba mu kyautar gasar, guda ɗaya tal ga mutum biyu masu gida biyu, wanda kika tura mini kika ce in ajiye, yana nan a kan akwatina. Bilya ya ce in kawo ya cika mini, na hana. Ba abin da zai shiga cikinsa sai shayin da kika dafa a gidana.

Naki tun kina ɓoye littafi a gyale, naki har ranar da za a ɗauke ni a makara,

Ya'u mai littattafai,
Wudil.