Hanyar da Baba Ya Haddace

Samaru, Zariya
16 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Yayana Shehu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar zumunci da ban girma, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Hafsatu da yara, ya sa ruwan Fatakwal bai dame ku ba. Mu nan sai godiya. Inna ta warke daga ciwon ƙafar nan, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, ka ga kuwa lafiya ta samu. Ƙanwarmu Safiyatu tana ta ƙoƙari a makaranta. Ni ma ina nan da 'yan ajina, ina koya musu karatu suna koya mini haƙuri. Takardarka ta watan jiya ta iso, na karanta wa Baba ita sau biyu. Ya ce rubutunka ne ya yi ƙanana, shi ya sa bai karanta da kansa ba.

Yaya, ba gaisuwa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami ba. Tsoro nake ji, kuma a kan Baba ne da keken nan da ka saya masa da ya bar aikin masinja. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗa maka komai yadda yake.

Ka san hanya uku ce mai keke ke bi daga nan zuwa kasuwar Sabon Gari. Akwai titin kwalta, akwai 'yar hanyar da ke bin gefen layin dogo, sai ta ukun da ke zagawa ta bayan duwatsun Hanwa, wadda duk gangare ce da tsakuwa da kwazazzabo. Bana 'yan jami'a sun mai da su abin wasa. Sun ce kwalta ta 'yan koyo ce, ta dogo ta masu ɗan hannu, ta dutsen kuwa sun laƙa mata wani suna da Turanci wanda ma'anarsa sai ka bar wasiyya. Ran Asabar sai ka gan su da manyan wandunansu masu share ƙasa sun nufi can, su dawo gwiwa a ɗaye, baki har kunne. To, wannan ta ukun ita Baba ke bi kullum, da kwandon latas da karas na lambunsa a ɗaure a baya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Yaran har Farfesa suke ce masa. Ni kaina na yi ta cika baki a ɗakin malamai cewa tsohona ya fi samarin garin nan zuciya.

Mako uku ke nan, na shiga Sabon Gari sayen zare, sai Uzoma ya tare ni. Ka tuna shi, mai gyaran keken nan na bakin kasuwa da ke yi wa Baba faci tun kafin yaƙi. Ya ja ni gefe yana ta kame-kame, ya ce Baba sa'an mahaifinsa ne, ba ya so ya tona masa asiri, amma abin ya hana shi sukuni. Ya ce in ya tsoma robar taya cikin ruwa don ya nuna wa Baba inda take yoyo, wani gefen kwanon daban Baba ke duba, amma sai ya ce wai ya gani. Ya ce kuma watanni biyu da suka wuce saura ƙiris wata gingimari ta bi ta kan Baba a kwalta, don bai gan ta ba sam, kuma tun ranar ya daina bin titi. Hanyar dogo kuma mutane da awaki sun yi mata yawa. Ta dutsen ce kaɗai babu mota, babu jama'a. In ya fito daga cikinta sai ya sauka ya tura keken da hannu har kasuwa.

Na yi masa musu, har na so in yi masa rashin kunya. Amma washegari da la'asar na je na tsaya a gindin tsamiyar nan da ke kan gangare, inda Baba ke wucewa in zai dawo. Ban yi magana ba. Ya taho a hankali, leɓɓansa na motsi, na zaci tasbihi yake yi. Ya zo daf da ni, da na miƙa hannu sai in taɓa kafaɗarsa, ga ni cikin zanen da shi ya saya mini da sallah. Ya dube ni tsakar ido ya ce, “Sannu baiwar Allah, a ɗan gafarta.” Ya wuce. Da ya gifta ne na ji abin da yake faɗa. Ƙirge yake yi, juyin feda yake ƙirgawa. Ya haddace hanyar ne kamar sura, tun lokacin da yake da ido. Na zauna a wurin na yi kuka har na gode Allah.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce ta daɗe da sani. Ta ce shi ya sa ba ta yarda kowa ya gusar da butarsa ko takalminsa daga inda ya saba. Amma ta rantse ba ita za ta fara ce wa mijinta ya makance ba, kuma wai in aka raba shi da keken nan da lambun nan, zama zai yi a zaure ya ƙare. Ni kuma ina na ga idon da zan dubi Baba in faɗa masa? An ce tsoro na daji, kunya na gida, ni duka biyun sun haɗu a kaina. Na taɓa ɓoye famfon keken, ya aro na maƙwabci ko tambaya bai yi ba.

Sai na yi wata dabara. In na tashi daga makaranta nakan taka hanyar da ƙafa in duba abin da ya sauya. Da yamma in na kai masa tuwo sai in ce na ji wani mai jaki na cewa dutse ya gangaro a kwana ta biyu, ko an yar da ƙaya kusa da rafi. Babu wani mai jaki, ni na ƙaga shi. Baba yakan ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin abincinsa, kuma washegari sai in ga sawun tayarsa ya kauce wa wurin. Muka yi ta tafiya haka lafiya, don ƙasa a bushe take, hanya ba ta cika sauyawa ba.

Shekaranjiya Juma'a da yamma ruwan farko ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Jiya na je na duba, Yaya. A ƙasan tsamiyar, daidai inda keke ke kwasar gudu, ruwa ya cinye fiye da rabin hanyar. Ramin ya fi tsayin mutum, ƙasansa duk duwatsu ne, abin da ya rage ta hagu bai wuce faɗin faifai ba. 'Yan jami'ar ma masu ido biyu na ga suna sauka su ɗauki kekensu a kafaɗa. Na dawo na ba shi labarin mai jaki kamar kullum. Ya tsame hannu daga kwano. Sai ya ce, “Mai jakin nan naki, Zubaidatu, ya ƙirga taki nawa ne daga tsamiyar zuwa ramin?” Na ce zan tambaye shi. Ya ce in tambaye shi da kyau, don latas ba ya jira, Litinin zai kai kasuwa.

Ashe ya sani. Ya san ni ce, ya kuma san na sani, amma har yanzu ba wanda ya iya furtawa.

Don Allah ka nemi hutu ka zo, ko na kwana uku ne. Kai kaɗai ne ba ya mayar wa magana, kuma Uzoma ya ce ana cire yanar ido a asibitin ido na Kano, mutum ya dawo yana gani. Kada ka ce za ka rubuto masa, don ni zan karanta, kuma na san bakina ba zai iya ba. Yau da safe na koma na ƙirga, taki arba'in da uku ne. Sai da na dawo gida na tuna ban san takina nawa ke yin juyin fedarsa ɗaya ba. Gobe ce Litinin, takardar nan kuwa sai ta yi mako a hanya, ga hadari ya sake haɗowa ta gabas.

Inna tana gaishe ka, Bappa ƙanin Baba da Safiyatu ma haka. Ka gaishe mini da Hafsatu, ka shafa kan yara. Baba bai san na rubuto ba, amma na tabbata da ya sani zai ce a sa maka albarka. Ka sa shi a addu'a duk safiya, wajen ƙarfe bakwai yake isa tsamiyar.

Ni ce ƙanwarka,
Zubaidatu