Farin Fenti a Bangon Inna

Asabar, 8 ga Afrilu, 1978

"Malama, bangon ƙasa ba ya son wannan abin," in ji Baba Dogara, magininmu tun kafin a haife ni, yana shinshina gwangwanin fentin mai da na sayo wurin Linus mai fenti. Na ce akwai taitaniyam a ciki, ƙarfen da ake ƙera jirgin sama da shi, garinsa ya fi farar ƙasa fari, rana ba ta dusashe shi. Ya ce, "To, ɗakin Innarki tashi zai yi?" Matan gida suka kwashe da dariya. Na ce wanda bai taɓa shiga aji ba ya bar wa masu digiri maganar sinadarai. A gaban kowa. Ya sa takalminsa ya fita.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Linus ya shafa, ciki da waje. Ya yi kyau, wallahi. 

Laraba, 12 ga Yuli

Bango ya yi bororo kamar ƙuna. Na ɓamɓare, ƙasar a jiƙe sharkaf. Danshi yana hawa daga gindi, fentin ya hana shi fita. Taitaniyam dai bai yi ƙarya ba: ɓawon da ke faɗowa fari ne tas.

Juma'a, 21 ga Yuli

Kusurwar gabas ta zube da la'asar, a kan jeren kwanukan Inna. Allah ya sa tana madafa. Ta kwaso tabarmarta ta dawo ɗakina.

Jiya na koya wa 'yan aji huɗu yadda ruwa ke hawa cikin ƙasa. Sun fahimta sarai.

Litinin, 24 ga Yuli

Linus ya ce, "Madam, no be paint fault." Wai ba laifin fenti ba ne. Na sani.

Inna ta ƙi wani magini. Ta ce Dogara da Babana, Allah ya jiƙansa, suka cuɗa ƙasar ɗakin nan. An aika masa sau biyu. Ya ce ai gidan akwai malama.

Asabar, 29 ga Yuli

Hadari tun safe, sauran bangon yana tsagewa. Zan je gidan Dogara a Kurmin Sarki da kaina. Saboda bangon ne kawai.

Inna ta miƙo mini ƙullin goro, ta ce, "Fatsuma, in kin isa ki durƙusa. Kada ki yi masa bayani."

Na buɗe baki, na fasa. Na yafa gyale. Ina rufe littafin nan zan ja ƙofa.