Baƙo Mai Tambayar Mashigi

Goronyo, 3 ga Zulƙida, 1360

Zuwa ga yayana Maccido, a Wurno.

Gaisuwa mai yawa da so da girmamawa. Ina hwatan kana lahiya, kai da Kaltume da ɗiya, ina hwatan ƙahwar Inna ta yi sauƙi. Mu nan ƙalau muke, albasa ta kama.

Bayan haka, na yi baƙo, kuma raina bai kwanta da shi ba. Attahiru na, ɗan Arɗo Bube, Bahillacen nan mai sauka wurin Baba kahin su ƙaura ƙasar Hwaransa, can ƙetaren iyaka. Shi ɗai yaz zo, da sanda da gora, ba ko akuya. Wai gaisuwa ta kawo shi. Shekara goma sha ɗaya ba mu ga ƙeyarsu ba, sai yanzu da anka ruhe iyaka gaisuwa tat taso?

Ka san Turawan can sun ce ba ruwansu da yaƙin ga, ba su ga Ingilishi, ba su ga Jamus. Ni ban yarda ba. Tun da Jamus tac ci garinsu anka ɗora musu wani tsohon soja wanda ba a musa mai magana, hwatake sun ce hotonai na rataye ko'ina. Shanu da hwatu suka amshewa suna turawa arewa. In ba su yaƙi, wa zai ci wanga nama duka? Ga hakimi ya sa an yi shela ran kasuwa, wai wanda duk yaɓ ɓoye mutumin can, shi da gidanai za su amsa.

Mi kag gani? Ka aiko min da shawara.

Ƙanenka, Atiku.


Goronyo, 12 ga Zulƙida

Yaya Maccido,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da mutanen gida duka. Allah ya sa lahiya ta hana ka amsa min.

Mutumen ga bai zama gida. Kullum da sahe sai ya nuhi Rimawa. Na bi shi ran Talata, da idona nig ga shina tsoma sanda cikin gulbi shina auna zurhi. Ya tambayi masunta inda aka ƙetarewa ruwa bai wuce gwiwa ba. Ya tambayi rijiyar da ba ta ƙahewa da rani. Ni kuma yat tambaye ni yaushe Bature ka hitowa rangadi, da ko akwai dogarai garin Shinaka. Don Allah mai gaisuwa mi ya haɗa shi da dogarai?

Na zamna da shi, nic ce ya gaya min gaskiya. Yas sunkuyar da kai shina tonon ƙasa da tsinke, wai babu komi sai alheri. Abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Matata Mairo ta ce ban da kunya, mutum na cin tuwona ina bin sawunai. Ita mi tas sani? Ba ita za a ɗaure ba. Shekaranjiya nit tahi wurin hakimi, bayan azahar dogarai sunka zo. Bai yi gardama ba, ko dubana bai yi ba. Jiya nij ji Bature ya ce bai son rigima da maƙwabtan da sunka ce ba su yaƙi, a kai shi iyaka a miƙa ma sojansu.

Na huta, amma abinci bai shiga.

Atiku.


Goronyo, 17 ga Zulƙida

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara ma Inna lahiya. Kada ka karanta mata wagga.

Yau da hantsi mata biyu sunka yi sallama, da shanu tara duk ƙashi. Hwatsuma matar Attahiru ta, da tsohuwar uwatai. Kwana goma sha shidda sunka yi cikin daji arewa da Shinaka suna jiranai, har ruwa yaƙ ƙare musu, uku daga shanun sunka mutu.

Tsohuwar tab ba ni labari. Kumandan, Baturen da ka mulkin can, ya sa a amshe garkensu, shi ya sa sunka gudo. Su ga al'adarsu ba a kora shanu wurin da ba a sani ba, sai an tura mutum guda gaba ya duba ruwa da haki da mashigi da halin masu gari. Garso suka ce mai. Kuma ɗan Arɗo bai buɗa baki ya roƙi mahwaka, sai mai gida ya gane da kainai ya yi tayi. Yaya, shekara nawa munka yi da mutanen ga cikin zauren Baba, ban san wanga ba?

Na tambaye ta, awa mai son jin labari, mi aka yi ma wanda yag gudu in an kama shi. Tac ce aikin hanya aka kai su can cikin rairayi, ita dai ba ta taɓa ganin wanda yad dawo ba.

Ba su san an kama shi ba. Mairo ta ba su ɗaki, ta ƙi gaya musu komi, ta ce wanda yak kai ƙara shi ya kai labari. Ɗazu tsohuwar tak kama hannuna tana sa min albarka. Tac ce: "Da za ya taho ya ce mu kwantar da hankali, gidan Malam Isa za shi."

Ta ce in kira mata shi bayan la'asar. An yi kiran salla tun ina tsakiyar rubutun ga.

Ka roƙa min gahwara.

Ƙanenka, Atiku ɗan Malam Isa.