Har Ciyawa Ta Kama

Abu Hujar, kakar 2017

Ɗan'uwana Alhasan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Doha. Mu nan alhamdulillahi, dawa ta nuna, sai dai idon Iya ya rufe sarai. Da hantsi nakan kai ta bakin kogi, ta ce in sake ba ta labarin filin ƙwallon da kuke yi wa duniya. Sai in ce ciyawa ce koriya shar, ana shayar da ita, har fanka ake yi mata. Takan yi murmushi, wai ashe ɗanta ya sami wuri mai sanyi. Ban gaya mata a rana kuke yini ba.

Roƙi kafilinka, ubangidan nan da ya ɗauke ka aiki, ya ba ka fasfonka, ka zo ta ji muryarka.

'Yar'uwarka,
Huseina

Abu Hujar, lokacin ɗari

Alhasan,

Sallama da fatan alheri. Yaya ciwon ƙirjin naka? Saƙonka ya iso, wai kafil ya ce babu mai fita sai ciyawa ta kama.

Iya ta kwanta. Ba ta cin komai sai kunu. Tana yawan mafarkinka: ka taho cikin kwalekwale daga wajen Sinnar, kogin duk ya zama kore, kana ta tuƙi amma ba ka matsowa. Ni ma na fara ganinsa ido biyu.

Kada ka gudu, ka ji? An ce kamawa suke yi.

Taka,
Huseina

Abu Hujar, bazara

Ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, Allah ya ba ka lafiya da haƙuri. Iya ta rasu ranar Jumma'a da la'asar.

Da safiyar ranar ta yi ta kiran sunanka. Mijina Maliki ya kasa jurewa, ya durƙusa gabanta ya ce, "Na'am, Iya, na iso." Fuskarta ta yi haske. Ta kama hannunsa, ta daɗe tana shafawa, yatsa bayan yatsa. Can ta ce, "Wannan ba hannun Alhasan ba ne. Amma bar mini shi."

Bai janye ba har ta cika.

Wassalam,
Huseina